Na Ba Mai Shara Aikin Ɗana, Yau Mako Uku Gaisuwa Kawai Ke Haɗa Mu

Wasiƙar wannan makon daga Aboabo ta fito, nan Kumasi. Na rage mata tsawo, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, koko da ƙosai nake sayarwa a bakin titi. Ɗaki da falo muke haya a gidan da ya tara iyali fiye da goma. Babban ɗana shekararsa 15, yana ajin ƙarshe na JHS, wato ƙaramar sakandare, bana zai rubuta jarrabawar fita ta BECE. Wata 8 ke nan da ƙanen babansa da ke Jamus ya aiko masa da wasu 'yan sojojin roba, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Tun daga ranar yaron nan ya shiga tsince-tsince: kwali, gwangwanin madara, murfin kwalba, farin fom na cikin kwalin firji, tsinken tsire, har yashi a leda. Da su yake gina 'yan gidaje da tuddai da gadoji, shi da abokansa uku su jera a tebur su ce wai yaƙi suke yi, suna awo da rula suna jefa ƙwayar ludo. Ƙarƙashin gado ya cika, kyankyasai suka mai da ɗakinmu gidansu. Matan gida in sun gan ni sai su ce, ina ɗan kondem ɗinki, wato mai tsintar tarkace? Wata har cewa ta yi in kai shi a yi masa ruƙiyya. Babansa direban babbar mota ne, Kumasi zuwa Bawku, duk dawowar da zai yi sai ya ce an tara masa gumaka da caca a ɗaki.

"Ranar da tura ta kai bango, dawowa na yi na tarar ya ɗora wuƙa a kurfoti yana yanka fom da ita, hayaƙi ya turnuƙe falo, autata 'yar wata 10 sai tari take. Washegari yana makaranta na tattare komai na ba mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke kwasar shara. Da ya dawo ya leƙa ƙarƙashin gado, bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Yau mako uku, daga ina kwana sai ina wuni. Ya daina zaman gida, yana bes, wato majalisar samarin layinmu, har dare da waya a hannu. Shekaranjiya ina shara na ga guda ɗaya da ya tsira a bayan akwati. Ashe gidanmu ne ya gina, da ƙofarsa, da tsatsar kwanonsa, ga teburin kokona a gaba da benci, ga 'yar tukunya da ya yi da murfin man goge baki. Nan na zauna na yi kuka. Baba Malam, laifi na yi? Abin nan haramun ne? Ga shi ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya shirya mana zuri'a.

Tun da ba ki yi kwana-kwana ba, ni ma ba zan yi ba. A kan hayaƙin nan ke ce mai gaskiya, da ma kin haɗa masa da jan kunne. Farin fom daga ɗanyen man fetur ake samo shi, in ya ji wuta hayaƙin da yake fitarwa cuta ne ga babba, balle jaririya a ɗakin haya. Amma a kwashe aikin wata 8 a ba mai shara a bayan idon mai shi, nan kam an yi ɓarna. Wuƙa da kurfoti suka yi laifi, hukunci ya faɗa kan gidaje da gadoji. Ke ma kin san haka, shi ya sa kika yi kuka, don haka ba zan tsaya ina fama miki gyambo ba.

Mai maganar ruƙiyya ki bar ta da bakinta. Na yi shekaru ina koyar da zanen gini da aikin katako kafin in ajiye alli, yara iri-iri sun bi ta hannuna. Yaron da zai dubi murfin man goge baki ya hango tukunyar koko, ya kuma lura da inda tsatsa ta ci kwanon gidanku har ya fitar da ita, lafiyarsa ƙalau. Ido gare shi, da hannu, da haƙurin zama wuri ɗaya. A aji guda da ƙyar nakan samu biyu da suka haɗa ukun nan. Mu ma ai mun yi. Wane namiji ne ya tashi a zango bai ƙera motar gwangwani da tayar tsohon silifa ba? Bambancin kawai, namu da an fara jin girma sai a watsar, nasa kuwa yana da ƙa'ida da lissafi, har masu furfura suna yi.

Asalin wasan nan ma ba na yara ba ne. A 1824 wani hafsan soja a Furusiya, cikin Jamus ta yau, mai suna Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙago, ya kai wa manyan sojan ƙasarsu. Taswira ake shimfiɗawa, a jera 'yan ƙarafa masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, kowanne a madadin runduna, ga alƙali a tsakani yana yanke wanda ya yi rinjaye. Sojan suka karɓa suka mai da shi darasin horar da hafsoshi, da Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 kuwa sai wasu ƙasashe suka shiga kwaikwaya. Har gobe sojoji sukan tara yashi su fitar da tudu da kwari da hanya kafin su fita aiki. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga ƙa'idojin yin sa a gida da sojojin wasan yara. Yau akwai kamfanonin da ba su da sana'a sai wannan. Babbansu, Games Workshop, yana birnin Nottingham, shi ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma ina kyautata zaton irinsa ɗanki yake kallo a YouTube. Kayansu tsada gare su ko ga Bature mai albashi, shi ya sa a can ma masu wasan da yawa da hannunsu suke gina filin daga, da kwali da fom da tarkacen gida. Wato tsince-tsincen da ake yi miki dariya a kai ba talauci ne ya koya masa ba. Rabin wasan ke nan, kuma in ni za a tambaya, shi ne rabin da ya fi amfani.

Ki ɗauko gidan nan da ya tsira, in akwai soja ɗaya da ya rage ki tsayar da shi a bakin ƙofar. Idan ƙofar ta ɗara shi kaɗan yadda ƙofar gaske take ɗara mutum, to lissafi yaron ya yi. Sojojin nan yawanci iri biyu ne: masu tsawon milimita 28 ko fiye kaɗan, da waɗanda aka rage sau 72 daga girman mutum. A na biyun, mai tsawon mita 1.7 yakan dawo wajen milimita 24, ƙofa mai mita 2 ta dawo milimita 28. Kowace taga, kowane benci, sai an raba da 72. Darasin rabo da ma'aunin zane ke nan da ke cikin lissafin JHS, wanda yara ke gudu kamar allura. Da za ki shiga sashen koyon zanen gine-gine na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, ɗalibai za ki tarar da reza da kwali da gam, suna yin abin da ya sa aka kira ɗanki ɗan kondem, ana ba su maki a kai. Ban ce miki zai zama injiniya ba, gobe ta Allah ce, kuma ba na son halin nan namu na hana yaro son abu sai an nuna mana albashin da ke ciki. Cewa na yi irin hannun nan ba a zubar da shi.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki ba kyankyaso ba ne, bes ne. Da can kin san inda yake, kin san abokansa uku, kin san abin da ke hannunsa ko da yana ba ki haushi. Yanzu fa? Ba kowane bes ne na banza ba, wasu su ke yashe kwata su haɗa kuɗin asibiti in wani ya kwanta. Amma ni da ke mun san cacar ƙwallo da ke cikin wayoyin samari, mun san tiramol. Babansa yana tsoron caca a ƙwayar ludo, ga ta gaskiya can tana jiran yaron a bakin titi. An gudu ba a tsira ba.

Maganar haramci kuwa, fatawa ta malamai ce. Ku je wurin limaminku ke da babansa, ku tafi da abin a hannu ya gani da idonsa, don in da baki aka ce masa gumaka, wani abu daban zai hango. Amma ga abin da duk ɗalibi ya karanta. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, ya ce masa in lallai sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Gida da tudu da gada da teburin koko duk nan suka faɗa, kuma su ne abin da ɗanki yake ƙerawa, sojojin ba shi ya yi su ba. A kan 'yan sojojin, ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, malamai kuma sun saɓa a kan iyakar wannan rangwame, musamman ga wanda ya balaga. Ƙwayar ludo kuwa, babansa bai yi magana a banza ba. Akwai hadisi mai tsanani a Muslim a kan wasan nardi, wanda da irin wannan ƙwaya ake yin sa, malamai da yawa kuma sun hana ko da babu kuɗi a ciki. To in liman ya ce a bar sojojin, ai masu wasan na farko ma 'yan ƙarafa ja da shuɗi suka jera, guntayen katako masu fenti sun wadatar. In ya ce a bar ƙwayar, yaran su zauna su tsara ƙa'idar da babu sa'a a cikinta, irin ta dara da dame: wanda ya fi yawa, ko ya riga hawa tudu, ko ya samu katanga ya fake, shi ke da rinjaye, ɗayansu ya zama alƙali. Abin da babu jayayya a kai, ko pesewa ɗaya kada ta hau teburin, in an kira salla kuma a tashi.

Yanzu mu zo ɗakinki, don kukanki na ƙunci da ƙazanta gaskiya ne, kuma duk yana da magani.

A samo akwati ɗaya mai murfi, cokbos irin na 'yan makarantar kwana ko babbar robar ajiya. Abin da ya shiga ciki shi ke kwana a ɗaki, wanda bai shiga ba ya nemi wani masauki. Masu wasan a Turai tebur mai ƙafa 6 da ƙafa 4 suke shimfiɗawa, wannan sai mai gidan kansa. Filawud mai ƙafa 2 da 2 ya isa ƙaramar arangama, ya kuma shige bayan kujera a tsaye. Kada ya manne gine-ginen a jikin filin. Kowanne a yi masa ɗan gindinsa da tsohon faifan CD ko guntun katako, a jera lokacin wasa, a kwashe in an gama. Ranar da akwatin ya cika yana son sabon gini, shi da kansa zai zaɓi wanda zai ba aboki ko ya rushe.

Kyankyasan ba kallon gine-gine suka zo yi ba, abinci suka biyo. Gwangwanin da ba a wanke ba yana kawo su, tsohon kwalin bola yakan zo da ƙwansu a cikin ramukansa, sai kuma babban mai laifi, gam. Ina zargin da kullun fulawa ko ragowar kokonki yake manna wasu abubuwan, don shi ne gam ɗin yaron da ba shi da kuɗi, mu ma da shi muka yi, kuma liyafa ce ga kyankyaso da gara da ɓera. Abin da ya kamace shi farin gam na kafintoci, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini. Ba shi da wari mai hawa kai, ruwa na wanke shi kafin ya bushe, in ya bushe kuma ba ya nuna. A sirka shi da ruwa rabi da rabi, a shafa, a barbaɗa yashi, ƙasa ta samu ke nan. Yashin a tankaɗe shi da tsohuwar rariya, a shanya ya bushe ƙayau, in ba haka ba damina na shigowa fumfuna za ta rufe komai. Kumasi garin ruwa ne. Kwalin da aka shafa wa gam ko fenti a fuska ɗaya, yana bushewa zai nannaɗe kamar ganda. A shafa fuska biyu, a danne da abu mai nauyi ya kwana.

Bola kuwa an rufe ta, ba don bakin matan gida ba, don allura da fasasshiyar kwalba da ke ciki. Duk abin da yake nema yana nan da tsabta a hannun mutane. Kwali na wurin mai shagon layinku. Fom na wurin masu sayar da firji da talabijin a Adum. Garin katako, wanda in an rina shi da koren fenti yake zama ciyawa, yana wurin kafintan unguwa, a Sokoban kuwa tuli yake. Guntun soson katifa na yin ganyen itace yana wurin masu kujeru, ragowar hodar POP na wurin masu silin, 'yan wayoyi da noti suna Suame Magazine, unguwar makanikai. Ya je ya yi sallama, ya gaida mutum, ya nuna abin da ya gina, ya roƙa. Wannan ma tarbiyya ce. Na san halin masu sana'a, in suka ga yaro mai hannu sukan ba shi fiye da abin da ya tambaya, wani ma ya ce ya riƙa leƙowa.

Wuta kam babu ita sam, ko don yanka fom ko don ƙone robar waya. Da sabuwar wuƙar yankan kwali ake yanka fom, a ja a hankali sau uku maimakon a danna sau ɗaya, yatsu suna nesa da baki. A tsakar gida za a yi, a share nan take, saboda ƙwayoyinsa masu tashi ne, auta kuwa tana rarrafe, duk abin da ta tsinta baki za ta kai. Haka 'yan sojojin da murafun kwalba. In za a sa kafur a akwatin saboda ƙwari, a ƙulle shi a tsumma can ƙasa, don yara kan ɗauka alewa ce, alhali guba ce.

Akwai gargaɗi ɗaya da jiki ne ya gaya mini shi. Ina sabon malami, muka yi kwana tara ni da yara muna gina wani tsauni na fom don baje koli. Daren ƙarshe na ce bari in ƙara masa kyau da fentin feshi na gwangwani. Ina fesawa ina kallo tsaunin yana narkewa kamar man shanu a rana, da safe yara suka zo suka tarar da wani abu kamar ƙanzo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sinadarin da ke cikin fentin feshi, da sufagulu, da gam ɗin masu gyaran takalmi, da fetur, duk suna cinye farin fom. Sai an fara lulluɓe shi da tishu da farin gam, ko da siririn POP. Fentin bango na ruwa, irin wanda ke ragewa a gindin bokitin masu fenti, shi ya fi dacewa, kusan kyauta kuma ake samunsa.

Sauran dabarun ya fi ni sani. Tun da har ya fitar da kwanon rufi, na san ya gano cewa in an jiƙa kwali aka ɓare fatar sama, tudu-tudun ciki sak kwano ne. Biyu kawai zan ƙara masa, ki isar. Ya fara da fenti mai duhu, ya bari ya bushe, sannan ya ɗebi mai haske a buroshi ya goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, ya shafa sama-sama. Duk wata tsaga da ƙulli za su fito, bango ya zama kamar ya sha damina hamsin. Na biyu, jar ƙasarmu. Turawa a 'yan kwalabe suke sayen hoda don su kwaikwayi wannan launi, shi kuwa tana ƙofar gidansu.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya ga kangon Turai da biranen wata duniya irin na bidiyo ba, gidanku ya gina. Nan za a ƙarfafa shi. Wata rana babansa ko kawunsa ya kai shi tsohon sansanin soja da ke Adum, wanda yanzu gidan tarihin soja ne. Turawan Ingila suka gina shi bayan sun kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya a 1896. A cikinsa aka rutsa da gwamnan Turawa, Hodgson, a 1900, bayan ya zo a watan Maris ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ta sarautar Asante ya zauna a kai. Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja mutanen Asante, Tonawa kamar yadda kakanninmu ke kiransu, suka yi wa wurin ƙawanya, suka yi kafi na gungumen itace suka toshe hanyoyin shiga gari. Gwamnan ya samu ya fice ranar 23 ga Yuni, dakarun ceto ƙarƙashin Willcocks suka iso ranar 15 ga Yuli. Ga aikin wata shida ga mai tsinken tsire: sansani, kafi, da kurmi na waya da soso. A nan kuma zai ci karo da abin da ba mu cika faɗa wa yaranmu ba. Sojojin da ke cikin sansanin tare da Turawa, Hausa ake kiransu, ko da yake sunan ya haɗa 'yan arewa na ƙabilu da dama. Wato a wannan yaƙin akwai namu a ɓangaren da ya zo karɓe ƙasar masu masaukinmu. Yaron da ya tashi a Aboabo yana zama benci ɗaya da 'ya'yan Asante ya kamata ya san wannan, ya kuma riƙa zama a ɓangaren Yaa Asantewaa in ana wasan. In ya gaji da yaƙi, ga masallacin Larabanga da sandunan jikinsa, ga zauren Hausa da zankwaye da indararo.

BECE dai ba ta jiran kowa. Daga yanzu zuwa jarrabawa, yammaci ɗaya a mako, bayan an tashi makarantar allo, awa biyu ko uku. Bayan jarrabawa akwai watannin zaman jiran sakamako, lokacin da yara da yawa ke ɓata, a nan sai a sakar masa mara.

Babansa kada ki tare shi da gardama ranar da ya sauka daga Bawku da gajiya. Ki ajiye gidan inda idonsa zai faɗa kai, ki yi shiru. In an shirya, yaron ya tambaye shi yadda gadar Buipe take, da ta Yapei, ƙafafunta, faɗinta, yadda ruwa ke kaiwa a damina, ya ce yana son ya gina masa ita da motarsa a kai. Mutumin da ya kwashe shekaru yana bin hanya ba wanda ya taɓa tambayarsa labarinta, za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Matan gida kuwa, ki jira ranar da ɗan wata zai dawo da aikin makaranta na gina abu da kwali, ki ga ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Saura mai wuyar. Na san kunyar ɗan fari, uwata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayana ba. Ban ce ki tara gida ki ba da haƙuri a gaban jama'a ba. Amma kada ki aiki kowa, don ba kowa ne ya kwashe kayan ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki sayi ƙaramar robar farin gam da sabuwar wuƙar kwali, ki samo akwatin, ki sa gidan nan a ciki ki ajiye inda yake kwana. Da asuba kina dama koko kowa na barci, ki kira shi ya kama miki wani abu. Idonki na kan tukunya ki ce, "Na ga teburina. Ban san haka kake yi ba. Da na sani da ban zubar ba." Ya isa. Kada ki biyo shi da "amma kai ma". Maganar hayaƙi da bola da akwati ki bari sai an kwana biyu, kuma ranar ki ba shi dama ya kawo nasa sharaɗin. Na san ɗaya ne, kada a sake taɓa masa kaya ba ya nan. Ki yarda, ki kuma ja wa ƙannensa kunne.

In wata ya wuce yana nan yadda yake, ko kika ga ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ko yana gudun makaranta, to abin ya wuce kwali. Ki sami malamin ajinsa da wani babba da yake jin maganarsa, in ta kama a ga likita a gani.

Amma ba na zaton za a kai can. Mai yiwuwa dai ba zai amsa miki a ranar ba. Yaro ɗan shekara 15 da ya haɗiye kuka ba ya fito da shi don an ba shi gam, yana iya barin akwatin mako guda bai buɗe ba don ke ma ki ɗanɗana. Ki ƙyale shi, kada ki tambaya, kada ki leƙa. Ki dai riƙa lura da tsohuwar rariyarki. Ranar da kika neme ta kika rasa, kika ji ana tankaɗe yashi a bayan ɗaki, ki rubuto mini, ki haɗo da hoton teburin kokon, ina son in ga yadda ya yi da bencin.